Ruwan da Auta Ta Sha a Gidan Goggo

Ƙanwata ita ce autar ɗakinmu, kuma har ta yi jikoki ban daina ce mata Auta ba, ko da yake duk Tasawa Hajiya suke kiranta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wutar gidanta ba ta mutuwa rani da damina. Jiki ya zo mata a hankali, yadda yake zuwa wa matan da kasuwa ta karɓa, mutane suna ta yabawa. Ni ma na yaba. Na yi shekaru ina tafinta ga masu haƙar rijiyoyi, aikin ya kai ni Agadas da Abijan da Tarabulus har ƙasar Faransa, kuma duk lokacin da na dawo na tarar ta ƙara cika kujera sai in ce alhamdu lillahi, Auta tana cikin rufin asiri.

Sai dai jikin bai tsaya inda ake yabo ba. Ciwon sukari ya shiga. Gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, sujada ta gagara, ta koma salla a zaune kan kujerar ƙarfe da maƙeri ya yi mata, don na roba sun gaji da karyewa. Daga baya wani ɗan miki ya fito a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarta ta hagu, ya ƙi rufewa. Likitan da ke duba ta a Yamai, mutum mai magana a hankali kamar yana tsoron tada barci, shi ya kawo maganar aikin. Ya ce a Tunusiya ana yanke mafi yawan tumbin mutum a ɗinke sauran, sai ya riƙa ƙoshi da ɗan kaɗan, jiki ya sauka, sukari ya bi shi, mikin ya sami sararin warkewa. Ya ce in ba a yi haka ba, ƙafar nan ba za ta daɗe tare da ita ba.

Auta ta dube shi ta dube ni. Ta ce, “Tumbi? To ni ragon layya ce?”

Na sha wuya kafin ta yarda. Na ba ta labarin matar wani abokin aikina a Faransa da aka yi wa irin aikin nan, wadda na san ta ba ta iya hawa bene, na dawo na tarar da ita tana tuƙa keke. Auta ta ce ita ba ta da niyyar tuƙa keke. Na ce ba keke nake so ki tuƙa ba, ƙafarki nake so a bar miki. Da haka dai ta amince, aka yi gwaje-gwaje, likitocin can suka ba mu rana.

Shekarar ita ce wadda daminar baya ta gaza, sojoji kuma suka sake karɓe mulki. Waɗannan dai ba su ɓoye yunwar ba, sun faɗe ta a rediyo, amma faɗa ba ta cika rumbu. Tun bazara mutanen arewacin Mayahi suke gangarowa Tasawa da tabarminsu, wasu suna tsayawa ƙofar gidan Auta, ita kuma ta sa a ɗora babbar tukunyar kunu kowace safiya. Kunya ta kama ta game da tafiyarmu.

“Yaya, mutane na jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suna ci, ni kuma za a kai ni ƙasar Larabawa a rage mini ciki don na ci ya yi yawa. Da wane baki zan faɗi wannan?”

Na ce, “Kada ki faɗa wa kowa.”

Na ɗauka mun gama.

Da ruwan farko ya sauka, tabkuna suka cika, sai zawo da amai ya ɓulla. Aka fara jin sa a ƙauyuka, sannan a bakin kasuwa, sannan aka kafa tanti a bayan gidan likita. Lokacin ranarmu ta matso. Na kira likitan Yamai, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce wanda aka rage wa tumbi yakan yi watanni ba ya iya shan ruwa sai kurɓi-kurɓi, shi kuwa wannan ciwo da shan ruwa mai yawa ake tsira daga gare shi. In ya kama ta bayan aiki, ba ta da inda za ta zuba ruwan. In kuma ya kama ta kafin aiki, likitocin can ba za su taɓa ta ba sai ta murmure. Hanya biyu ce. Ko a jira annobar ta wuce, alhali mikin ba jira yake ba, ko kuwa a fitar da ita daga Tasawa yanzu, ta zauna Yamai har ranar jirgi, in ta dawo ma ta ci gaba da zama can sai rani. Ya ce, “Alhaji, in da hali ku taho gobe. Kuma kada ta sha ruwan da ba ku san asalinsa ba.”

Na je na same ta tana sa ido a kan masu matsar mai, na gaya mata. Ta ce to, amma sai ta zaga dangi ta nemi gafara.

Na san al'adar, a cikinta aka haife ni. Wanda zai yi tafiya mai nisa, ko wanda za a sa wa wuƙa, ba ya fita sai ya bi manya gida-gida ya ce a yafe masa, don bai san ko zai dawo ba. Ban taɓa jin haushinta ba sai ranar. A Faransa na ga mutum ya tafi aikin zuciya ko maƙwabcinsa bai sani ba. A Tarabulus dangi ne ke zuwa wurin majinyaci su cika ɗaki har da baranda. Mu kaɗai ne ke ɗora wa marar lafiya yawon ƙauyuka.

“Ga salula,” na ce mata. “Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ni zan sa miki kati.”

“Gafara a salula? Sai ka ce ina tambayar farashin gyaɗa?”

“Auta, ciwon nan yana kashe mutum tsakanin hantsi da la'asar.”

“Shi ya sa ma. In mutuwa tana yawo haka, ai yanzu ne ya kamata a nema. Kai da ka yi yawon duniya, ka taɓa ganin wanda aka kwantar aka tsaga cikinsa ya san zai tashi?”

Na ce mata mutane da yawa suna tashi. Ta ce ita ba mutane da yawa ba ce. Muka yi ta ja har aka kira azahar. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa ni zan tuƙa ta, mu ɗauki ruwanmu na kwalba, mu gama cikin gaggawa, kuma duk inda aka kawo ruwan baƙo ta kai ƙwarya baki kawai ta sauke. Domin nan matsalar take. A wajenmu baƙo ba ya buɗe baki da abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Buzaye da shayi suke tarbar mutum, shayi kuwa ya tafasa. Fulani su ba ka nono. Mu ruwan randa muke miƙawa, ko farau-farau, kuma a shekarar nan randunan ƙauye daga tabki ake cika su.

Dangin da ke garuruwan Maijirgi da Urafane ba su ba mu wuya ba. Ta taɓa ƙwarya da leɓe, ta miƙa mini, ni ma na taɓa na ajiye, masu gida suka yi kamar ba su gani ba. Aka yi koke-koke, aka yafi juna, aka yi mata addu'a. Wasu tsofaffi ba su gane aikin ba sam, suka ɗauka ƙari ne za a cire. Ba mu gyara musu ba. Na fara sakin jiki, har na ce to gobe sai Yamai. Ta ce saura Goggo.

Goggo yayar mahaifinmu ce, tana wani ƙauye arewa da Isawane tare da ɗanta. Tsakaninta da Auta akwai tsohuwar magana. A waccan yunwar ta zamanin sojojin farko, lokacin Auta tana sabuwar amarya, Goggo ta gangaro Tasawa da yaranta ta sauka gidanta. Wata rana Auta, da ƙuruciya da gajiya, ta ce wa maƙwabciyarta ta kan katanga ƙauyawa sun zo za su cinye su da rai. Goggo tana bayan ɗaki, ta ji. Da gari ya waye ta naɗe tabarmarta ta kama hanya ba sallama. Tun daga ranar ba ta ƙara sa abincin Auta a bakinta ba. In Auta ta aika mata da hatsi ko mai, sai ta karɓa ta raba wa maƙwabta a gaban ɗan aiken. Ana gaisawa a wurin suna da ta'aziyya, iyakarta ke nan.

Na ce, “Wannan ki bari sai kin dawo.”

Ta ce, “Duk sauran da muka zaga, rakiya suka yi wa wannan.”

Muka kama hanya da sassafe. A shingen fita Mayahi wani jandarma ya leƙo motar, ya ga Auta ta cika kujerar baya, ya ce Hajiya ina za ki a wannan lokaci, arewa ba lafiya. Ta ce neman gafara. Sai ya ja baya ya ɗaga mana igiya, har da cewa a sa shi a addu'a. Da ya hana mu wucewa da na gode masa. Bayan Isawane hanya ta koma rairayi, gefe da gefe gawarwakin shanu ne, waɗanda suka jure rani amma ruwan farko ya kayar da su. A bakin ƙauyen na ga tabkin. Amalanken jaki yana tsaye a cikinsa har gindi, mata suna cika bido, wato jarkokin ruwa, can gefe kuma wata saniya ta kumbura rabinta a ruwa. Na rage tafiya na nuna wa Auta. Ta ce ta gani.

Ɗan Goggo, taubashinmu, shi ya fito tarbarmu. Tsakaninsa da Auta ba a gaisuwa sai da tsiya.

“Kai jama'a, ku kauce, giwa ta shigo gari! Uwargijiyata, ashe ke kika cinye daminar bara?”

“Bawana, zo ka kama ni in sauka, ka bar surutu. Dubi wuyanka kamar na zalɓe.”

Shi da ni muka sauko da ita, muka kai ta inuwar bukka. Goggo tana zaune a kan buzu, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari, ba ta gani sai inuwa-inuwa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo mai sanyi. Sannan ta sa surukarta ta kawo ƙwarya. Farau-farau ne, ɗan gari yana yawo a ruwa mai launin ƙasa. Goggo ta karɓa da hannunta biyu, ita da kanta ta miƙa wajen da take jin numfashin Auta.

Auta ta kai baki ta sauke, kamar yadda muka saba. Goggo ta miƙo hannu aka mayar mata. Ta riƙe ƙwaryar ta ɗan jinjina ta, sannan ta tsoma yatsa ta ji inda ruwan ya tsaya.

“Ba ki sha ba.”

Na yi sauri na ce, “Goggo, likita ne ya hana ta. Akwai ciwo a gari.”

“Likita ya hana ta ruwan gidana? Ya san ni?”

“Ba naki kaɗai ba, Goggo, kowane ruwa. Ko a ɗan tafasa shi, sai ta sha.”

“Tun ba a haifi ubanku ba nike shan ruwan ga, ba a taɓa tafasa mini shi ba. Garin da ya rage cikin gidan ga shi na sa aka zuba. In ƙyama ce, a ba awaki, su ba su da likita.”

Taubashi ya yi dariya ya ce, “Inna, ƙyale ta. Tumbin nan an riga an sayar wa Larabawa, ba ya karɓar ruwan ƙauyawa.”

Wasa yake yi, irin wanda ya saba, amma kalmar ƙauyawa ta faɗo tsakar gidan nan kowa ya ji nauyinta. Goggo ta kau da kai. Na sunkuya na ce wa Auta da Faransanci, a hankali, kada ta kuskura, ta tuna saniyar. Taubashi ya ce, “To, Inna, sun koma nasaranci, mu ake ci.”

Auta ba ta dube ni ba. Ta ce, “Goggo, miƙo.” Ta karɓa, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Ina jin saukar ruwan a maƙogwaronta. Ba ta sauke ba sai da ta ga gindin ƙwarya, ta lashe garin da yatsa, ta mayar. Goggo ta jinjina ƙwaryar ta ji ba nauyi. Sai ta fara laluben fuskar Auta da hannu, su biyu suka rushe da kuka. Auta ta faɗi maganar katanga da bakinta, ba ta rage komai ba. Goggo ta ce ta yafe duniya da lahira, ta tofa mata addu'a a ka, har ta ce in an sake aiko da mai za ta ci.

A hanyar dawowa Auta sai hira take, tana dariyar wuyan taubashi, tana cewa ji take kamar an sauke mata buhu daga ƙirji. Ni kuwa na ɗaure fuska na kafa ido a kan hanya har Tasawa.

Ba zan rantse cewa ruwan nan ne ba. Ciwon yana ko'ina, yana iya zuwa ta hannun mai kawo mata goro. Abin da na sani shi ne, ranar da muke ɗaure kaya a mota za mu Yamai, da hantsi, ta ce bari ta zaga bayan gida, ba ta fito da ƙafarta ba. A makon kuma aka kwaso mutane daga ƙauyen Goggo a amalanke. Ita Goggo ko ciwon kai ba ta yi ba.

Gadajen tantin na katako ne masu rami a tsakiya, an yi su daidai jikin mutanen da yunwa ta rame. Babu wanda zai ɗauki Auta, sai a ƙasa aka shimfiɗa mata leda. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma neman jijiya a hannunta don ƙarin ruwa ya ci lokaci, ga jiki yana ta zuba. Ina tsaye a waje, ƙafafuna cikin kwanon ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta da ake sa kowa ya taka, ina kallon ranar tafiyarmu tana wucewa. Ta rayu. Sai dai ƙodarta ta taɓu.

Daga nan sai ɗage-ɗage. Likitocin can suka ce a bari ƙoda ta dawo daidai, suka ba da wata rana a lokacin sanyi. Kafin ranar ta zo ƙasar tasu ita ma ta rikice, aka ce a dakata. Da ƙura ta lafa aka ce gwaje-gwajen sun tsufa, a sake. Aka sake, suka ce ƙodar ba ta kai yadda za su yarda su sa mata hannu ba, a ƙara jira. Kowane ɗagewa yana da hujjarsa, ba wanda zan kama in ce ya yi ƙarya. Shi kuwa mikin bai san da wannan ba. Ya bar yatsa ya shiga tafin ƙafa.

Abin da ya fi ƙona mini rai a watannin nan shi ne barka. Ciwon ya zabge ta, zannuwanta suka yi mata yawa, masu zuwa dubiya suna ta murna. Taubashi ya zo da 'yar kazarsa a hannu, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Kun gani? Abin da za a je Tunusiya a yi, ga shi Allah ya yi a tabkinmu kyauta.” Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ita. Na tashi na fita. Kafin a gama sussukar gero jikin ya dawo inda yake.

Aikin da aka yi mata daga ƙarshe a Maradi aka yi shi, kuma ba tumbi aka taɓa ba. Likitan ya nuna mini da yatsa a ƙasan gwiwa, ya ce daga nan. Da safen ranar, an sa mata rigar aiki, ana jiran masu tura gado, sai bakina ya kufce. Na ce, “Wannan karon ba za mu zaga neman gafara ba?”

Ta ce, “Na riga na nema, Yaya, ba ta tsami. Mutum ɗaya ya rage, ga shi nan tsaye yana hararata tun daga Isawane.”

“Ni me kika yi mini? Ƙafarki ce.”

“To ka yafe mini ita.”

Na so in tambaye ta ko da za a mayar da ita inuwar bukkar nan za ta sake karɓar ƙwaryar. Ban tambaya ba, don na san amsar kuma ba na son jin ta. Masu gado suka shigo. Na ce na yafe, ta ce ban ji ba, na ƙara ɗaga murya, suka tura ta.

Tana nan da ranta, tana sa ido a kan masu matsar mai daga kan keken guragu. Maganar Tunusiya ta mutu, ba wanda ya ƙara tada ta. Goggo ta ci man da aka aika mata har ƙarshen ranta, Auta kuwa ba ta gajiya da ba da wannan labari. In na je gidan nakan tarar da takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofar ɗakinta, sai in ɗan tsaya a waje tukuna, har abin da ya taso mini ya kwanta, sannan in yi sallama.